Kumburin muƙamuƙi da ba ya jira: tambayoyi da amsoshi kan dajin Burkitt

Assalamu alaikum jama'a. Tun da Allah Ya ba ɗan yayata lafiya mutane ke ta tambayata, wasu a waya, wasu bayan an idar da sallah, wasu ma a wajen ɗaurin aure sai a ja ni gefe, wai wane irin ciwo ne yaron nan ya yi kuma ya aka yi kumatun da ya kumbura kaman ya cusa mangwaro a baki ya sace. Toh ni ba likita ba ne, kawu ne kawai da ya yi watanni yana kwana kan tabarma a barandar asibiti, na dami likitoci da nas-nas da tambaya har suka saba da fuskata, daga baya na zauna na yi karatun abin da kaina. Sunan ciwon limfomar Burkitt, wani nau'in ciwon daji ne. Ga tambayoyin da aka fi yi min, na amsa su iya abin da na tabbatar.

Wai mece ce limfoma ɗin ma tukunna?

Ai ka san kaluluwa. Ka ji ciwo a ƙafa sai wani ɗan ƙullutu ya fito maka a matsematsi, ko maƙogwaro ya yi ciwo ka taɓa wuya ka ji 'yan ƙulli-ƙulli. Irin waɗannan ƙullutan ɗaruruwa ne a jikin kowa, a wuya, hammata, matsematsi, cikin ƙirji da cikin ciki, kuma kaman bariki suke na sojojin jiki, wato wasu fararen ƙwayoyin jini da ake ce wa limfosait. Manyan rukuninsu biyu ne, 'yan B da 'yan T. Limfoma ita ce idan ƙwaya ɗaya cikin sojojin nan ta lalace ta dinga hayayyafa ba ji ba gani. Tunda kuwa sojojin yawo suke ko'ina, saifa, ɓargo, hanji, shi ya sa wannan dajin yana iya ɓullowa ta inda ba a zata ba. Ta Burkitt daga 'yan B take fitowa.

A takardarmu an rubuta NHL, an ce wai "wadda ba ta Hodgkin ba". Me kenan?

Wannan sunan ya ba ni haushi da farko wallahi, dan kaman ka tambayi ɗan ina ne wane a ce maka "ba Bakano ba ne", to ai ba a faɗa maka garinsu ba. Thomas Hodgkin wani likita ne ɗan Ingila da ya bayyana wani ciwon kaluluwa a 1832, daga baya aka gano wannan nau'in yana da wata babbar ƙwaya ta musamman da idan aka duba a madubin likita sai ka ga kaman idon mujiya. Duk limfomar da ba ta da wannan ƙwayar sai aka haɗa su a buhu ɗaya aka ce waɗanda ba na Hodgkin ba, kuma sun haura iri 60. Wasu tafiyar hawainiya suke, mutum ya yi shekaru da su ana sa ido kawai ko magani ba a fara ba, wasu kuma wutar daji ne. Burkitt ita ce ta fi kowacce gudu. Saboda haka in an ce maka NHL kar ka tsaya nan, ka ce likita wane iri ne a ciki, dan maganin wannan ba shi ne na wancan ba.

Shi Burkitt ɗin waye?

Denis Burkitt likitan tiyata ne ɗan Ireland, mai ido ɗaya ma, dan tun yana yaro ya rasa ɗayan. Yana aiki a asibitin Mulago da ke Kampala a ƙasar Yuganda, a 1957 aka nuna masa wani yaro da muƙamuƙinsa ya kumbura sama da ƙasa, ba a jima ba ya sake ganin wani mai irinsa, sai ya koma ya tono tsoffin fayel-fayel ya ga ashe yara da yawa ne kuma galibi har da kumburi a ciki. A 1958 ya fitar da rahoton farko.

Abin da ya burge ni da mutumin nan bai tsaya a ofis ba. Ya aika takardun tambaya zuwa asibitocin Afirka, sannan a 1961 shi da abokansa likitoci biyu suka hau wata tsohuwar mota suka yi tafiyar mil kusan 10,000 a gabashi da kudancin Afirka, asibiti sama da 50 suka shiga suna nuna hotunan yaran suna tambaya kuna ganin irin wannan a nan? Da suka zana taswira sai ga abin mamaki, cutar tana bin wurare masu ɗumi da ruwan sama, in aka hau tsaunuka masu sanyi sai ta yi ƙaranci, in aka shiga busasshiyar ƙasa ma haka. Ko a Najeriya taswirar ta nuna kudu mai ruwa ta fi arewa. Wato dai inda sauro yake cin kasuwarsa.

A 1961 ɗin ne kuma ya yi lacca a Landan, wani mai bincike Anthony Epstein yana zaune a ciki, ya roƙi a dinga turo masa tsokar daga Kampala. A 1964 shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka hango wata ƙwayar bairos a ciki, ita ce yau ake kira EBV, kuma ita ce bairos ta farko da aka taɓa alaƙantawa da kansa a jikin ɗan Adam. Mu ma muna cikin tarihin fa. Ƙwayoyin da aka ɗauka daga jikin wani yaro ɗan shekara 11 a Ibadan a 1963 har gobe ana rainon zuriyarsu a ɗakunan bincike na duniya, kuma Victor Anomah Ngu, likita ɗan Kamaru da ya yi aikin maganin cutar a Ibadan, yana cikin waɗanda aka ba kyautar Lasker, wata babbar lambar yabo ta binciken likitanci, a 1972 tare da shi Burkitt ɗin.

Na karanta an ce cuta ce da ba kasafai ake samu ba, amma kai ka ce ka ga yara da yawa a ɗakin?

Duka gaskiya ne, ya danganta da inda mai maganar yake zaune. A Amurka da Turai cikin manya masu limfoma ɗaya ne ko biyu cikin 100 suke da wannan nau'in, shi ya sa rubutunsu kullum cewa yake ba ta da yawa. A yankin Afirka mai zazzaɓin cizon sauro kuwa, da tsibirin Papua New Guinea, tana sahun gaba a dajin yara, ana ƙiyasta yara 3 zuwa 6 cikin kowane 100,000 a shekara, kuma asibitocin koyarwa na Zariya, Kano, Sakkwato da Maiduguri duk sun san ta farin sani.

Kala uku ce. Akwai tamu ta nan, mai kama yara musamman 'yan shekara 4 zuwa 7, maza sun ninka mata wajen sau biyu, tana son muƙamuƙi da kwarmin ido da ciki. Akwai ta jefi-jefi da ake samu ko'ina a duniya, ita ta fi farawa a hanji. Sai wadda ke zuwa wa masu raunin garkuwar jiki, musamman masu ƙanjamau.

Me ya haɗa sauro da ciwon daji dan Allah?

Nima da aka fara faɗa min dariya na kusa yi. Bari in kwatanta yadda na fahimta.

Ita ƙwayar B aikinta ƙera makami daidai da kowace cuta, kuma dan ta yi hakan sai ta dinga yanka tana sake jona wasu sassan umarnin halittar da ke cikinta, kaman tela da almakashi. Umarnin nan a naɗe yake cikin wasu zarurruka 46 da ake kira kuromosom. Yaron da maleriya ke kamawa yau da gobe, damina bayan damina, telolin nan nasa ba sa hutawa, kullum cikin yanka da ɗinki suke cikin gaggawa, to wata rana sai almakashi ya kuskure. Sai a yanko wani yanki daga zare na 8 mai ɗauke da umarnin "hayayyafa", wanda ake kira MYC, a ɗinke shi jikin zare na 14 a daidai wurin da kullum a kunne yake. Kusan kashi 80 cikin 100 na masu cutar wannan kuskuren ne, ragowar kuma da zare na 2 ko na 22 aka jona. Shikenan totur ya maƙale.

A ƙa'ida ƙwayar da totur ɗinta ya maƙale haka kashe kanta take yi, Allah Ya sa mata wannan tsarin. To nan EBV take shigowa, dan ita cikin ƙwayoyin B take ɓuya kuma tana taimaka musu su ƙi mutuwa. Ga shi maleriya ta riga ta raunana 'yan T da ya kamata su sa mata ido. Babur ba birki totur a maƙale, abin da ke faruwa kenan, shi ya sa kumburin yake iya ninka kansa cikin awa 24 zuwa 48. Ba a san wani daji a jikin mutum da ya kai shi sauri ba.

Kenan ana ɗauka? Mu raba masa kwano da sauran yara?

A'a, kar ku raba, kar ku ƙara wa yaro ciwo kan ciwo. Dajin ba ya tsallakawa daga mutum zuwa mutum. Ita EBV ta yawu ake ɗaukarta, amma sama da mutum 90 cikin 100 na manyan duniya suna ɗauke da ita, ni da kai kusan tabbas muna da ita tun muna rarrafe kuma ba abin da ta yi mana. Sannan kuskuren zaren nan a jikin yaron ya faru bayan an haife shi, ba daga uwa ko uba ya gado ba, dan haka dangin miji su daina kallon uwar yaro. Na faɗi wannan ne saboda na ga abin da aka yi wa yayata.

Wace alama zan gani?

Namu da haƙori ya fara. Turamen ciki suka fara girgiɗi, aka ce ai famfara ce tunda shekararsa shida, sai dasashi ya kumbura, aka je kemis aka sayo kafso, aka kai shi wani wuri aka cire haƙorin, kafin mako biyu kumatu ya taso ido ya fara turowa waje. Abin da ya yaudare mu shi ne ba ya kuka da zafi sosai, yana wasansa.

Ban da fuska akwai ciki. Ciki ya kumbura ya yi tauri, a taɓa a ji dunƙule, ko yaro ya dinga amai ya kasa bayan gida dan hanji ya toshe. Yana kama ƙoda, yana kama ƙwan mace a yara mata, yana kama 'ya'yan maraina. Wasu da rama da zazzaɓi da gumin dare suke zuwa. Wanda ya fi tayar da hankali shi ne idan ya danne laka, yaro yana tafiyarsa lafiya lau sai ƙafafu su fara sanyi, ya kasa tsayuwa, fitsari ya ƙi fita ko ya dinga zuba bai sani ba. Wannan ko tsakar dare ne a nemi mota, dan in laka ta daɗe a danne ko dajin ya warke ƙafar ba lallai ta dawo ba.

Ya zan bambance shi da hangum ko ƙurjin haƙori ko noma?

Hangum a gaban kunne da ƙasansa yake kumbura, da zafi da zazzaɓi, yawanci akwai wasu yaran a unguwa da suke yi, kuma cikin kwana goma ya wuce. Ƙurjin haƙori zafi ne da raɗaɗi da mugunya, yana jin magani. Noma kuma, wadda har asibiti guda aka ware mata a Sakkwato, gyambo ne mai wari da ke cin nama yana huda kumatu, ramewa yake sa wurin ya yi maimakon tudu. Burkitt tudu ne mai tauri da ke ƙaruwa kana gani, haƙora suna gocewa daga layinsu. Ka ɗauki hoton fuskar da waya yau, ka sake ɗauka jibi, in ka ga bambanci kar ka ƙara kwana.

Tsofaffi sun ce daji ba ya son ƙarfe, in aka yi masa allura haukacewa yake. Ba gaskiya ba ne?

Wannan maganar ita ta cinye mana kwana goma, kuma ita ce ta fi kowacce kashe yara a ganina. Na gane daga inda ta samo asali. Mutum ba ya zuwa asibiti sai abu ya ci ƙarfinsa, a tsira masa allura yau ya rasu jibi, sai a ce allura ce. Ko kuma a ɗebi tsoka a ce a jira sakamako, cikin kwanakin jiran kumburin ya ninka, sai a ce ai ga shi nan an taɓa shi ya fusata, alhali ko ba a taɓa shi ba ninkawar zai yi, halinsa kenan.

Ƙarfen da yake cutarwa shi ne askar wanzami da sakiya. Babu mugunya a ciki balle a fitar, jini kawai za a zubar a buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, a zo fara magani kuma ga gyambo. Addu'a da tofi kuwa ba wanda ya hana ka, mu ma mun yi sosai, a bakin gadon asibitin muka yi. Jiƙe-jiƙe ne dai a dakata da su dan ƙoda da hanta suna da aikin da ya ishe su.

Wane gwaji za a yi?

Babban gwajin shi ne a ɗebi ɗan abin da ke cikin kumburin, ko da siririyar allura ko a yanko 'yar tsoka, a duba a madubi. Wai idan likita ya leƙa sai ya ga kaman sama da dare cike da taurari, haka ma suke kiran kamannin. Daga nan sikanin na ciki, hoton ƙirji, gwajin jini na ƙoda da hanta da yawan jini, gwajin ƙanjamau da maleriya, a ɗebi ɓargo a ƙugu, a ɗebi ruwan laka a gadon baya. Da waɗannan ake sanin mataki, na 1 zuwa na 4, na 4 shi ne ya shiga ɓargo ko ƙwaƙwalwa da laka.

Gargaɗi ɗaya dan Allah. Kar a ba yaro deksa ko firednisolon daga kemis kafin a ɗebi tsokar. Suna sa kumburin ya ɗan sace na kwana kaɗan kowa ya yi murna, sai ya dawo, sannan su rikita gwajin a kasa gane ko menene. In an riga an ba shi a faɗa wa likita gaskiya, ba duka zai yi ba. Kuma ka bi sawun sakamakon da ƙafarka kullum, kar ka zauna jiran a kira ka.

Me ya sa ba za a yanke shi kawai ba, ko a yi gashi?

Saboda ciwon jini ne da ya yi tudu a wuri ɗaya, abin da ido ke gani a kumatu ba shi kenan ba, ƙwayoyin sun riga sun bi jini. Tiyata sai in hanji ya toshe ko ya fashe. Gashi ma, wato ƙona dajin da hasken na'ura, ba shi ne maganinsa ba. Maganin kemo ne, wato magungunan da ake sawa ta jijiya suna kashe ƙwayoyi masu saurin rabuwa, kuma abin da ya sa cutar ta zama abin tsoro shi ne dai ya sa take jin magani, tunda kusan duk ƙwayoyinta cikin rabuwa suke a kowane lokaci maganin yana samunsu a fili. Wallahi kwana huɗu da allurar farko na shigo da safe na tsaya ina kallon fuskar yaron nan, idon da ya turo ya koma.

Sunayen da za ka dinga ji su ne saiklofosfamaid, binkiristin, metotireksat, firednisolon, wani lokaci da doksorubisin da saitarabin, haɗa su ake yi. Ana kuma zuba wani ta gadon baya cikin ruwan laka, dan maganin jijiya ba ya isa can sosai kuma nan cutar take son ɓuya, kar ka hana a yi duk da kukan da yaro zai yi. Akwai rituksimab, shi ba kemo ba ne, makami ne da ke manne wa ƙwayoyin B kaɗai, wani babban gwaji da aka fitar da sakamakonsa a 2020 ya nuna ƙara shi ya ɗaga yaran da ciwonsu ya yi nisa daga kusan 82 zuwa 94 cikin 100 da suka kai shekara uku ba matsala, sai dai tsada. Ana yin maganin zagaye-zagaye ne da hutun mako biyu ko uku a tsakani, gaba ɗaya wata biyu zuwa shida gwargwadon mataki da tsarin asibitin.

Mun zo a fara magani sai ƙarin ruwa ake ta yi masa leda bayan leda, ko ɓata lokaci suke?

Ba ɓata lokaci ba ne, nan ne ma wuri mafi haɗari a duk tafiyar. Idan dubban miliyoyin ƙwayoyi suka mutu lokaci guda sai su zazzage abin cikinsu a jini, sinadarin fotasiyam da fosfet da yurik asid, na farkon yana iya tsayar da zuciya, sauran su toshe ƙoda. Shi ya sa ake cika yaro da ruwa, a ba shi alofurinol, a ce ka dinga tara fitsarinsa a gora ana aunawa, wani lokaci a fara da ɗan ƙaramin kemo na mako guda dan a rage kumburin a hankali. In ka ga fitsari ya ragu ko ya tsaya ka tashi nas ko ƙarfe nawa ne. Akwai wata allura rasburikes mai saurin wanke yurik asid, amma ba a yi wa mai ƙarancin G6PD, wani sinadari da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, dan tana farfasa masa jini, kuma wannan ƙarancin ya yawaita a yara maza na Afirka ta Yamma, dan haka sai an gwada.

Alhamdulillahi kumburi ya tafi gaba ɗaya, ba sai mu koma gida ba? Ga damina ta zo ga kuɗi sun ƙare.

Ɗan'uwa na san wannan halin, mun sayar da tumaki mun sayar da keken ɗinki. Amma ka saurare ni. Kumburin da ido ke gani yana ɓacewa tun zagaye na farko ko na biyu, ragowar ƙwayoyin da ba a gani suna nan, kaman ka yi noma ka sare ciyawa ka bar saiwa. Waɗanda suka rage kuma su ne masu taurin kai, in suka dawo maganin da ya yi aiki da farko ba ya musu komai, kuma dajin Burkitt da ya dawo yana da matuƙar wuyar magani ko a Turai. Na ga gadon da ke kusa da namu, suka tafi da murna bayan allura biyu, bayan mako shida suka dawo, ba zan ƙarasa ba.

In kuɗi ne matsalar ka faɗa wa likita da baki, ka nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin, ka kai kuka masallaci da ƙungiyar unguwa da dangi. Ko jinkirta zagaye da mako guda ba a so balle dainawa.

Me zai same shi lokacin kemo, kuma me zan kiyaye a gida?

Gashi zai zube, zai dawo. Amai, gyambon baki, kasala, ƙarancin jini har a yi ƙari, dan haka tun wuri a tanadi 'yan'uwa masu ba da jini. Kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zagaye sojojin jikinsa suna ƙasa sosai, a lokacin zazzaɓi ba abin wasa ba ne. Ka sayi ma'aunin zafi, in ya kai 38 a tafi asibiti a take, kar a ba shi farasitamol a ce bari mu gani zuwa safe. Kar a ba shi ibufurofen ko diklofenak ko Septrin sai likitansa ya sani, suna karo da metotireksat. A nisanta shi da mai ƙyanda ko ƙarambau, in masu ɗigon foliyo sun zo gida a ce musu yana kan kemo sai an tambayi likita. Ya kwana cikin gidan sauro, ruwan sha a tafasa, abinci mai zafi da aka dafa yanzu, ƙwai, wake, kifi, kunun gyaɗa, duk abin da zai karɓa, dan yaron da ke da tamowa ba ya jure maganin kaman mai ƙiba. Masu zuwa dubiya kuma a yi haƙuri a rage, kowa ya wanke hannu.

Tsakani da Allah ana warkewa?

Ana warkewa sarai. A ƙasashe masu hali sama da yara 90 cikin 100 suna warkewa. A yawancin ƙasashenmu na kudu da Sahara ba a cika wuce rabi ba, kuma cutar ɗaya ce, bambancin zuwa a makare ne, da yanke magani a tsakiya, da tamowa, da ƙarancin jini da magungunan kashe ƙwayoyin cuta da za su riƙe yaro ya jure kemo mai ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2018 ta ƙaddamar da shiri kan dajin yara da burin a kai 60 cikin 100 nan da 2030, ta zaɓi cututtuka shida da ake iya warkarwa ta sa a gaba, Burkitt na ciki.

Ina za mu je?

Asibitin koyarwa ko babbar cibiyar lafiya ta tarayya mai sashen yara. Malam Aminu Kano a Kano, na ABU a Shika, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, na Maiduguri, na Jos, na Gwambe, Asibitin Ƙasa a Abuja. A Nijar akwai cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa a Yamai, a Gana Korle Bu a Akara da Komfo Anokye a Kumasi. Ka karɓi takardar turawa daga asibitin garinku, ka shiga ta sashen gaggawa na yara, ka nuna hotunan nan na waya.

Babba ma yana yi?

Yana yi, kuma a babba dole a gwada ƙanjamau dan wani lokaci wannan dajin ne yake fara tona ta. In an samu ana haɗa maganin ƙanjamau da kemo tare, ba a ajiye ɗaya. Manya ba su kai yara jure maganin ba, musamman dattawa, amma suma ana warkar da da yawa.

Akwai riga-kafi?

Na dajin kansa babu, na EBV ma babu a kasuwa. Abin da ke hannunmu shi ne rage wa yaro yawan maleriya, gidan sauro, maganin nan na wata-wata da ake rabawa yara 'yan ƙasa da shekara biyar da damina, da zuwa gwaji da wuri in ya yi zazzaɓi. Allurar riga-kafin maleriya ma Najeriya ta fara ta a Disamban 2024 a Kebbi da Bayelsa.

Bayan an gama zai iya dawowa? Zai yi makaranta, zai haihu?

Saurinsa a nan ma yana da amfani, dan in zai dawo kusan kullum cikin shekarar farko yake dawowa, wanda ya haye shekara lafiya da wuya ƙwarai a sake jin ɗuriyarsa. Saboda haka ranakun kilinik na wannan shekarar kar a tsallake ko ɗaya. Maganar haihuwa, saiklofosfamaid mai yawa yana iya taɓa ta, amma tunda maganin Burkitt gajere ne da yawa cikin waɗanda suka warke suna girma su yi aure su haifi nasu, ka tambayi likita adadin da aka ba naku ka ajiye takardar sallama wuri mai kyau dan wata rana za a nema. Wanda aka ba doksorubisin kuma akan duba masa zuciya lokaci-lokaci.

Makaranta kuwa da zarar jini ya dawo daidai likita ya ba da izini sai a koma. Namu ya rasa zango biyu aka maimaita masa aji, muƙamuƙin ya koma daidai sai ɗan giɓi a inda aka cire masa haƙorin nan, yanzu ma rigimar da muke yi da shi kenan dan ta nan yake tsartar da yawu yana tsokanar ƙannensa.